Tukunyar Fuska

Ranar da aka kawo ni gidan miji a Tudun Ƙofa, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, abin da idona ya fara sauka a kai a ɗakin surukata shi ne tukwane. Ba na girki ba ne, don ko ɗigon baƙin hayaƙi babu a gindinsu. Manya ne, jajaye, an kife su a jere a jikin bango tun daga bakin ƙofa har ƙuryar ɗaki. Na ce a raina, to, tsohuwar nan ko dai sana'arta ce, ko kuwa akwai abin da ke damunta. Ni mai baki ce tun ina ƙarama, amma amarci ya sa na haɗiye tambayar sai da na kwana biyu a gidan.

Wata rana da hantsi ina share mata ɗaki, tana zaune tana kaɗi, na kasa haƙuri.

"Inna, waɗannan na sayarwa ne?"

"Na rufi ne," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Rufin me?"

"Rufina."

Ta faɗe shi kamar wadda aka tambaya ina ta ajiye tsintsiya. Da ta ga na tsaya baki buɗe, sai ta ajiye mazari ta tashi ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dafawa. Wannan ta ƙafafu ce. Wannan ta ƙwauri, wannan ta gwiwa, wannan ta cinya. Haka ta yi ta tafiya da jikinta a kan tukwane har ta kai ta ƙurya, wadda ta fi sauran kauri da santsi. Ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta ba da wani sauti siriri da ya daɗe bai mutu ba.

"Wannan kuma ta fuska," in ji ta. "Ci gaba da shararki, 'yar nan, kada ki buge su da tsintsiya."

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A wancan zamani idan aka sa mamaci a 'yar kabari, wato ƙaramin ramin da ke cikin babban, ba a zuba masa ƙasa kai tsaye. Sai a tsaga tukwane a jera ɓarinsu a bisa, a liƙe kafofin da laka, sannan a mayar da ƙasa. Wasu da itace suke yi. Inna ba ta ko son jin zancen itace. Tana yarinya, an aike ta ta bi ta gefen maƙabarta bayan an yi ruwa, ta ga wani kabari ya lotsa ciki saboda gara ta cinye itacen. Abin da ta hango a ramin ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta dai ce tun daga ranar ta roƙi Allah abu guda, kada ƙasa ta zubo mata a ido.

Tukwanen nan duk na mace ɗaya ne, wata maginiya daga wani ƙauye a bayan Agwada. Daga can mahaifiyar Inna ta fito, don haka a wurinta yumɓun can shi ne ƙasar gida. Ranar kasuwa maginiyar kan iso Keffi da 'ya'yanta, kaya a ka, su sauke a layin masu tukwane. A lokacin layi ne sosai, sai ka yi ta tsallake randuna da tuluna da kasake. Amma Inna ko kallon na wasu ba ta yi. Takan wuce kai tsaye wurin mutuniyarta, su gaisa da yaren ƙauyen, wanda ni ko kalma ba na ji, sannan ta tsuguna ta sa hanci a bakin tukunya ta shaƙa. Wai tana jin ƙamshin rafinsu.

Akwai kuma abin da ke tsakaninsu wanda ya fi ciniki. A gidanmu ba a zubar da tsingaro. Idan tulu ya fashe, Inna takan tsince shi tas, har ɗan guntun da ya faɗa ƙarƙashin turmi, ta tara a kwando. Ranar kasuwa ta kai wa maginiya, ita kuma ta daka shi ya yi gari, ta cuɗa da sabon yumɓu, don haka ake yi tukunya ta yi ƙwari. Saboda wannan Inna ke cewa randar da muke shan ruwa ta kakarta ce. Na ce, "Haba Inna, randar da aka sayo a gabana?" Ta ce i, ita ce dai, ta je ne ta dawo.

Haka take a komai. Tabarmarta ta kaba ce saƙar garin, ludayinta na duma, man shafawarta kaɗanya, zanenta saƙi. Abin da ƙasar nan ba ta haifa ba, in ji ta, ba zai kwana a ɗakinta ba. Ni kuwa ina ganin tsufa ne kawai da taurin kai, kuma Allah ya ba ta duka biyun, ba mowa ba bora.

Bayan an gama yaƙin basasa, kuɗin fetur suka fara shigowa. Maigidana akawu ne, aka yi musu ƙarin albashi, gari ya ɗauki zafi. Kantunan Sabon Gari suka cika da roba, ja da shuɗi da kore, an rataye su har bakin titi: bokiti, baho, buta, jarka, kofi. Ba zan yi ƙarya ba, ni roba ta burge ni, kuma har gobe ina ganin amfaninta. Wanda bai taɓa ɗauko tulu daga rijiya ya zame a bakin ƙofa ba, shi ne zai zage ta. Ga rashin nauyi, ga ta faɗi ta tashi. Cikin ɗan lokaci matan unguwarmu suka fitar da tsofaffin randunansu bayan gida, yara suka farfashe su da jifa.

Maigidana ya sayo babban duro na roba ya kafa a tsakar gida, yana murna. Inna ta zagaya shi ta leƙa ciki. Da yake shi ne ɗanta na fari ba ta kiran sunansa, sai ta juyo wurina.

"Tambayi mai gidan nan, idan wannan abin ya mutu ina za a kai shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai ba ya mutuwa, Inna. Amfaninsa ke nan."

"Ba ya mutuwa," in ji ta. Ta ja da baya ta goge hannunta a zane. "To ni abin da ba ya mutuwa tsoronsa nake ji. Ku sha abinku."

Ba ta taɓa kurɓar ruwan duron ba. Ta ce ɗumi gare shi kamar wanda wani ya riga ya kuskure baki da shi, kuma a nan kam tana da gaskiya, don mu kanmu da rana ta take sai mu lallaɓa randarta.

Layin masu tukwane ya yi ta tsukewa. Yau ka ga wannan ba ta zo ba, wata kasuwar ka ga waccan ta koma tallan gyaɗa. Inna ta shiga sayen abin da ba ta bukata, kasko a kan kasko, don dai mutuniyarta ta ga dalilin dawowa. Na yi mata tsiya, na ce ko gidan biki za mu buɗe. Ta ce idan kowa ya daina saye, wa zai ci gaba da gini? Amma sayen tsohuwa ɗaya ba ya ɗaukar nauyin tafiya daga bayan Agwada. Wata kasuwa muka je muka tarar mai roba ya baza kayansa a inda maginiya ke zama. Inna ta tsaya ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce mu koma gida, ko gishirin da ya kai mu ba mu saya ba.

Duk da haka hankalinta a kwance yake, don nata rufin ya cika. Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne na sauran mutane. Da can babu gidan da za a yi rasuwa a rasa tsohuwar randa ko tsagaggiyar tukunya da za a ba maza su tafi da ita. Yanzu gidaje sai roba da langa da samira.

Da bazara wani tsoho maƙwabcinmu ya rasu. Da azahar ɗansa ya yi sallama a zaure, maigidana ya fita, suka daɗe. Ya dawo ya tsaya a ƙofar Inna yana sosa ƙeya.

"Inna, sun zaga ko'ina ba su samu ba. An ce musu akwai a wurinki."

Sai Inna ta tashi ta ɗauko tukunyar da ke bakin ƙofa, ta busa ƙurar da ke kanta, ta miƙa masa. Da ya fita ta koma ta zauna tana kallon da'irar da tukunyar ta bari a daɓe.

"Shi ke nan," in ji ta. "Ƙafafuna sun buɗe."

Na yi dariya, don na ɗauka raha ce. Kwana kaɗan bayan haka na same ta da tsakar rana, zafin Keffi na bazara wanda ko ƙadangare ke neman inuwa, ta naɗe ƙafafunta da tsohon saƙi. Ta ce sanyi suke yi mata. Na ce, "Inna, wane irin sanyi ana wannan wuta?" Ta ce in taɓa. Na tusa hannu cikin zanen, na ji su kamar gindin randa. Daga idon sawu zuwa sama kuwa jikinta da ɗuminsa lafiya lau. Na zare hannuna, ban ƙara yin dariyar ba.

Labari ya bazu cewa akwai tukwane a gidanmu. Muka zama gidan da ake zuwa idan an yi mutuwa. Har na gane sallamarsu, wata irin sallama ce ƙasa-ƙasa, wadda mai yin ta ba ya son a amsa da sauri. Yaran unguwa suka daina shigowa wasa. Matan da suka yi ta yi wa Inna dariya a kan kasakenta, su ne yanzu ke aiko da mazansu, kuma idan muka haɗu a rijiya sai su kawar da kai kamar ni ce na kira musu mutuwar. Wannan ya ci mini rai ƙwarai.

Ta ƙwauri ta tafi, ta gwiwa ta bi ta. Duk wadda ta fita, sanyin sai ya hau zuwa inda take rufewa, ya tsaya cak. Maigidana ya kai ta asibiti, malamin asibiti ya duba ya ce tsufa ne, jini ba ya gudu sosai. Wataƙila haka ne. Ni dai na san ranar da ta cinya ta bar gidan, kuma na san ranar da Inna ta fara neman a ɗora mata bargo a cinya, rana ɗaya ce.

Na yi mata faɗa, faɗa na sosai, irin wanda suruka ba ta yi wa uwar miji.

"Inna, don girman Allah ki ce babu! Ina suke lokacin da kike ta jigilar tsingaro? Su da hannunsu suka fasa nasu. Su je su rufa da bokitin!"

"Kul," in ji ta. "A zo neman rufin gawa in ce babu, ga su a kife?"

"To mu ɓoye su a rumbu."

"Mu ɓoye wa wa?"

Na fita ina ƙunƙuni, na huce haushina a kan kaji.

Da ruwan farko ya sauka, saura biyu a jikin bango, ta ƙirji da ta fuska. A makon ne kuma randar ruwa ta tsage da kanta, ba wanda ya taɓa ta. Muna zaune da rana muka ji ƙas, sai ga ruwa yana bin daɓe. Inna ba ta yi salati ba, ba ta nuna damuwa ba. Ta ce randar ta ga ana bukatarta ne. Ta sa na farfasa ta na zuba a kwando, ta ce in shirya, gobe za mu je wurin maginiya a gina mata sababbi da wannan.

Muka hau babbar mota zuwa Agwada, daga nan muka taka. Ina ɗauke da kwando, tana tafe a bayana tana jan ƙafa. Rana ta kai tsaka muka shiga ƙauyen. Kowa ya tafi gona, ko kukan akuya babu. Filin da ake gasa tukwane ciyawa ta rufe shi. A gefe akwai wasu ɗanyun tukwane da aka gina ba a gasa ba, ruwa ya dake su sun zube sun zauna kamar tuwon da ya kwana a ruwa. A ƙofar ɗakin maginiyar kuma, shuɗin bokiti ne na roba cike da ruwa. Na kalli Inna, ta yi kamar ba ta gani ba.

Matar tana zaune a gindin bango. Ta rame, idanunta sun yi fari, hannuwanta na rawa a kan cinya. Tun kafin mu yi sallama ta ce da Hausarta mai karyewa, "Na ji tafiyarki. Ba haka kike tafiya da ba."

Inna ta zauna a gabanta. Ba ta ce mata komai game da sanyin ba, ina wurin, kuma da Hausa suka fara don in ji. Sai matar ta miƙo hannu ta kama ƙafar Inna, ta shafa ta hau ƙwauri, ta hau gwiwa, kamar yadda take shafa tukunya tana neman tsaga. Ta kai ciki, ta ɗan matsa sama, ta tsaya daidai ƙarƙashin ƙirji.

"Har nan ya kawo?"

"Har nan," in ji Inna.

Na ajiye kwandon a gabansu. Matar ta lalubo guntu ɗaya ta kai hanci, ta ce ta gane shi, gininta ne, da na uwarta a ciki. Ta ce 'ya'yanta sun bar sana'ar, amma ita za ta gina, ko da rarrafe za ta je rafi. Sai dai ba yanzu ba. Yumɓu ba ya bushewa da damina, in aka sa shi a wuta da danshi fashewa yake yi. Dole a jira kaka.

"Ki riƙe kanki har a yanke dawa," in ji ta.

"Ba a hannuna yake ba," in ji Inna.

Suka koma yarensu suka yi ta magana ƙasa-ƙasa. Muka baro kwandon a can, muka dawo Keffi gab da magariba.

A daminar nan ne amai da gudawa ya shigo gari. Ba na son tuna ta. Sallamar nan ta ƙasa-ƙasa ta yawaita a zaurenmu, maigidana ya riƙa ba da haƙuri da kansa, yana cewa sun ƙare, a yi da itace. Amma da matar da ke katanga ɗaya da mu ta rasu, Inna ta ji kukan da kunnenta, ta aika da ta ƙirji ba tare da an roƙa ba. Da yamma numfashinta ya sauya, ta ce kamar an ɗora mata tulu mai sanyi a ƙirji. Ta jawo tukunyar fuska daga ƙurya ta kafa ta a gefen filonta. Wani lokaci in na shiga sai in tarar ta ɗora tafin hannu a kanta tana gyangyaɗi.

A lokacin na yaye autana, kuma kamar yadda aka saba, ɗakin kakarsa aka kai shi. Ita ke goya shi, tana kiransa angonta, tana yi masa tsiya wai ya zo aure ba ko sisin cefane. Shi kuma ya yi ta jan kunnenta yana ƙyalƙyala dariya. Ranar da ciwon ya kama shi, da safe yana wasa da ludayi a bakin ƙofarta. Kafin la'asar ya tafi. Ban san mutum na iya ƙarewa da sauri haka ba, kamar an tsiyaye shi. Na so yaron nan fiye da yadda kunya ta bar ni in nuna, kuma har yau in na ga yaro mai irin tafiyarsa sai na bi shi da kallo.

Aka yi masa wanka aka naɗe shi, ɗan ƙunshi kaɗan a kan tabarma. Ina zaune a ɗakin Inna, mata sun kewaye ni. Ban roƙa ba, Allah shi ne shaida. Amma idona ya je kan tukunyar, ita kuma ta gani.

Ta tashi da ƙyar ta rungume ta. Maigidana yana bakin ƙofa, ya tare ta.

"Inna, a'a. Yaro ne, 'yan itatuwa kaɗan sun ishe shi. Wannan taki ce."

"Matsa," in ji ta. "Angona ba zai kwanta ƙasa na zubo masa a ido ba. Shi ɗan mitsitsi ne, ita kaɗai ta rufe shi duka."

Ita da kanta ta kai ta har bakin zaure, abin da ba ta yi wa kowa ba. Ta dawo hannu wofi ta zauna kusa da ni. Jikin bango fayau, sai da'irori a jere a kan daɓe. Na kama hannunta na fashe da kuka, ban san ko na ɗana nake yi ba ko nata. Ta ce in yi shiru, kaka ta kusa.

Kaka ba ta kusa ba, ko gero bai fitar da kai ba. Washegari ta fara murza ido. Ta ce wani abu na faɗa mata a ciki, kamar yashi. Na buɗe na hura, na wanke mata da ruwan ɗumi, ban ga komai ba. An jima ta sake kira. Haka muka yi ta yi kullum. Ɗakinta na soro ne, kuma da damina soro yakan ɗan zubo da ƙasa, don haka na mayar da shimfiɗarta wani gefen, na ɗaura zane a sama. Bai hana ba. Daga baya ta daina kirana. Takan kwanta rigingine da rana tsaka, ta kife tafukan hannunta biyu a kan fuska, ta yi shiru. In na yi magana ta amsa daga ƙarƙashinsu, muryarta sarai, ta tambaye ni ko dawa ta fara ja.

Ba ciwon garin ne ya ɗauke ta ba. Wata rana bayan azahar na kai mata kunu na same ta a haka, hannu a fuska, na yi magana ba ta amsa ba. Sai da mata biyu suka taimaka kafin muka sauke hannuwan.

Maigidana ya hau keke ya zaga Keffi kamar mahaukaci. Kasuwa, Sabon Gari, gidajen 'yan uwa, har gidajen da tukwanenta suka shiga. Abin da ya samo bai wuce kaskon turare da 'yar tukunyar jiƙa magani ba. Ga hadari ya haɗo, dattawa suna cewa a gaggauta, a saro itace kamar na kowa. Ya ce uwarsa ba za ta kwanta a ƙarƙashin abin da gara ke ci ba. Akwai sabon kwanon rufi da ya saya zai rufa ɗakinmu, yana jingine a bayan gida. Ya ce wannan gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ratsa shi, ko ƙwayar ƙasa ba za ta wuce ba. Liman ya ce babu laifi. Na ji ƙarar kwanon ana lanƙwasa shi ana fita da shi, ban hana ba, don ni ma a lokacin na ga dabara ce. Iyakar abin da ɗa zai yi wa uwarsa ke nan ya yi.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Da suka dawo, maimakon ya zauna a zaure wurin masu gaisuwa, sai ya shigo cikin gida ya tsuguna a ƙofar ɗakina, laka har gwiwa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Kin san tukunya ba ta ƙara," in ji shi. "In aka zuba ƙasa, shanye sautin take yi. Ban taɓa lura ba sai yau."

Na ce, "Me ya faru?"

"Da aka zuba ta farko, kwanon ya amsa. Kowa sai da ya ja baya. Aka sake zubawa, ya sake amsawa. Muka yi ta zubawa da sauri don ya yi shiru." Ya goge fuska da hannun riga. "Rami ya kusa cika, ƙasa ta yi tsawon hannu a kansa, ina jin sa yana bugawa. Na kasa gane ko daga sama ake bugun ko daga ƙasa."

Na ce masa nauyin ƙasa ne ke lanƙwasa kwano, dole ya yi ƙara. Ya ce i, haka liman ma ya ce.

Da kaka aka aiko daga bayan Agwada cewa maginiya ta rasu tun kafin a yanke dawa, ba ta kai ga zuwa rafi ba.

Daga baya mun rufa gidan duka da kwano, kamar kowa a unguwar, ban da tsohon zaure da ya hana a taɓa. Mun yi shekaru masu yawa tare bayan haka, mun aurar da 'ya'ya, ya yi ritaya, bai ƙara tayar da zancen ba. Amma duk ranar da ruwa ya fara sauka a kan rufi, ko abinci yake ci sai ya tsame hannu, ya ratsa tsakar gida cikin ruwan ya shige zauren ƙasa, ya zauna har a ɗauke. Jikoki suna yi masa dariya, wai tsoho na tsoron ruwa. Ni nakan rufe masa tuwon da faifai in bi shi da shi.